Daga Teburin Malami: Malam Aminu Kano, Tafintan Talakawa

A makon jiya muka tambayi 'yan aji shida ko wane ne Malam Aminu Kano. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, asibiti ne a Kano." Wata yarinya ta ce a'a, filin jirgin sama ne. Aka yi dariya, mu ma muka yi. Amma da muka koma gida sai abin ya tsaya mana a rai. Kakannin yaran nan na ƙasar Yankwashi suna cikin waɗanda suka ci moriyar wahalar mutumin nan, ga shi jikokinsu suna tsammani sunan gini ne. Saboda haka a wannan wata za mu ba da labarinsa, mu ga abin da gidan Kirista zai koya.

An haife shi a birnin Kano a 1920, a gidan malamai masana shari'a. Ya yi karatun allo, ya yi Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya fito malamin makaranta. Ya koyar a Midil ta Bauchi, inda ya zauna da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1946 aka tura shi Landan ƙaro ilmi. A can ya cuɗanya da 'yan Jam'iyyar Leba, ya saurari masu ra'ayin gurguzu, wato masu cewa arzikin ƙasa na jama'a duka ne. Bayan ya komo ya koyar a Kwalejin Horon Malamai ta Maru. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya shiga NEPU, Jam'iyyar Neman Sawaba, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta na shekarar nan. A 1953 ya zama shugabanta.

To, don me muka kira shi tafinta? A zamanin Turawa dokar gwamnati da Turanci take, littattafan alkali da Larabci suke, talaka kuwa Hausa kaɗai yake ji. Abin da tafinta ko malamin kotu ya gaya masa, shi ke nan doka. In an ce kuɗin harajinsa kaza ne, ba shi da hanyar sanin ko an yi masa ƙari. Malam Aminu yana jin harsunan nan uku, sai ya ɗauki abin da ke cikin biyun ya zuba a cikin na ukun. Tun yana ɗalibi yake shirya wasan kwaikwayo da Hausa, yana nuna yadda ake cutar baƙauye. Daga baya ya bi garuruwa da ƙauyuka yana lacca, yana bayyana wa manomi iyakar ikon dagaci da na mai unguwa, da cewa aikin tilas da karɓe-karɓen da ba su cikin doka zalunci ne. Da watan azumi yakan yi wa Musulmi tafsiri da Hausa. Ya kuma rubuta littattafai da Hausa, har da tarihin abokinsa Sa'adu Zungur, wanda ya fito a 1973.

Aikin nan bai zo da sauƙi ba. An ɗaure 'yan NEPU da yawa, an yi wa waɗansu bulala. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar, ta sha shiga kurkuku. Shi kansa Malam sai a 1959 ya ci zaɓen Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatin Janar Gowon daga 1967 zuwa 1974, duk da haka bai tara dukiya ba. Gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, shaida ne.

Amfanin aikinsa ya iso har ƙofar gidajenmu. A 1979 ƙasarmu tana cikin Jihar Kano, gama sai a 1991 aka yanke Jigawa. A zaɓen shekarar nan sabuwar jam'iyyarsa, PRP mai alamar makulli, ta ci Kano da Kaduna. Gwamna Abubakar Rimi da Gwamna Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Ku tambayi dattawan ikilisiyarku daga Karkarna zuwa Roni da Gwiwa abin da wannan yake nufi. Za su ba ku labarin maigidan da ya sayar da akuyar matarsa, ko ya buɗe rumbu tun kaka ba ta yi nisa ba, don kada a kunyata shi a gaban iyalinsa.

Mun sani wani ɗan'uwa zai ce, "Malam, mutumin nan Musulmi ne, gurguzu kuma ƙin Allah ne. Me ya kawo shi cikin mujallarmu?" Gaskiya ne a Tarayyar Sobiyat an rufe majami'u an tsananta wa masu bi. Amma Malam Aminu bai bi wannan hanya ba. Mai riƙon addininsa ne, yawancin hujjojinsa kuwa daga koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a kan adalci ya ɗauko su. Mun bambanta da shi a kan bangaskiya, ba ma ɓoyewa. Amma Allah ya yi amfani da Sairus, Sarkin Farisa, wanda ba Ba'isra'ile ba ne, ya mai da jama'arsa gida daga bauta. In Allah ya sauke mana kaya ta hannun maƙwabci, rashin godiya ba ibada ba ne.

Mu ne ma ya kamata mu fi kowa sanin darajar fassara. Da Dokta Miller na Wusasa da abokan aikinsa Hausawa ba su yi shekaru suna fama ba har Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, da me kakanninmu za su karanta? A Littafin Nehemiya sura 8, sa'ad da Ezra ya karanta Shari'a, Lawiyawa suka bi jama'a suna bayyana ma'ana, mutane kuwa suka tafi gida da murna domin sun fahimta.

Tilas kuma mu faɗi iyakar siyasa. PRP ta rabu biyu, Santsi da Taɓo, almajirai suka juya wa malaminsu baya. Malam ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, jam'iyyarsa a tsage. An soke haraji, amma son zuciya yana nan, gama doka ba ta iya sāke zuciyar mutum. Wannan aikin Almasihu ne.

Ga abin da ya fi damunmu. Bara wata gwauruwa ta kawo mana takarda ta ce, "Malam, duba mini, sun ce gonar ba tawa ba ce." Ta dangwala hannu tana tsammani jingina ce, ashe takardar sayarwa ce. Wanda ya karanta mata kuwa ɗan makaranta ne, mai baftisma. Har yau takardar asibiti, da ta rancen taki, da saƙon banki a waya, duk da Turanci suke zuwa. Duk yaron da muka sa a makaranta tafinta ne a gidansu da unguwarsu, ko mai aminci ko maci amana.

Saboda haka, iyaye, ku sa yaranku su riƙa karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa a sujadar iyali, kada Turanci ya raba su da kakanninsu. Masu ilmi, in tsoho ya kawo muku takarda, ku karanta masa ita duka, har da ƙananan rubutun ƙasa, kada ku karɓi ko goro. Dattawan ikilisiya, ku sanar cewa kada mai bi ya dangwala hannu a takardar gona sai an karanta masa a gaban shaidu biyu.

Karatun iyali na wannan wata: Nehemiya 8:1-12, Amos sura 5, da Yakubu sura 2. Ubangiji ya sa mu zama amintattu a kan ɗan ilmin da ya danƙa mana. Amin.