Mai Gadin Wayar Lantarki

Da zarar hadari ya taso da iska wuta ta ɗauke, sai ka ji mutanen Ƙofar Kibo da sauran unguwannin birnin Zariya suna ta zagin ma'aikata. A ganinmu ba kowace ɗaukewa ce ta cancanci zagi ba, wata ma rai ta ceta.

Wutar nan tana iso Zariya da ƙarfin bolt 132,000, a rage ta zuwa 33,000, sa'an nan 11,000, kafin taransifomar unguwa ta mai da ita wadda gida zai iya ɗauka. A kowace tasha akwai wata ƙaramar na'ura da Turawa ke kira rile, watau mai gadin waya. Ita ke auna yawan wutar da ke wucewa dare da rana. In ya zarce ƙa'ida, ko wuta ta zurare ƙasa, sai ta umarci babban makunni ya katse layin nan take.

Kafa ta ba wuya, saita ta shi ne aikin. Akawun da ya san tsarin En'e na dā zai gane wannan da sauri: maganar da mai unguwa zai kashe ba a kai ta gaban hakimi, balle fadar Sarki. Haka ake jera su. Wadda ta fi kusa da ɓarna ita za ta fara katsewa, ta bayanta kuwa ta dakata kamar sulusin sakan, ko ta farko za ta kasa. In an birkita jerin, reshen dalbejiya guda zai sa rabin gari cikin duhu. In kuwa an ɗaga ma'aunin don gudun ƙorafi, mai gadi ya yi barci ke nan. Da rani abin ya fi hatsari, gama wayar da ta faɗi kan busasshiyar ƙasa ba ta jan wuta da yawa, sai na'urar da aka saita da kyau ce za ta ji ta.

A watan Satumba 2023 babbar waya ta tsinke a Gwargwaje, ta faɗa kan ƙaramar da ke shiga gidaje, aka yi asarar rayuka. Cikin birni kuwa, inda gidaje ke manne da juna, lunguna matsattsu, irin wannan ɓarna ba za ta tsaya gida ɗaya ba.

Rarraba wutar Zariya yana hannun kamfanin Kaduna Electric. Muna roƙonsa ya riƙa gwada na'urorin nan da batiransu kafin kowace damina, a rubuta ranar gwaji da sakamako cikin littafi, yadda ake binciken baitulmali. Jama'a su ma da laifinsu. Masu karo-karo su ɗauko wani ya ɗaura wayar tagulla a gurbin fis ɗin taransifoma da ya ƙone, lalle su bari. Malaman makaranta kuma su gaya wa yara kada su kusanci wayar da ta faɗo, ko da an ɗauke wuta, don ana iya maido ta ba sanarwa.