Waiwaye: Kifin Banggai, mai sauƙin kiwo, mai wuyar ceto

A gabashin tsibirin Sulawesi na ƙasar Indunusiya akwai wasu ƙananan tsibirai da ake kira Banggai. A ruwan da ke gewaye da su, inda zurfinsa a wasu wuraren bai wuce ƙugun mutum ba, wani ɗan kifi yake zaune wanda tsawonsa bai kai tafin hannu ba. Jikinsa fari ne mai ƙyalli kamar azurfa, da ratsi uku baƙaƙe, da ɗige-ɗige farare a fukafukansa da wutsiyarsa. Asalinsa babu shi a ko'ina a duniya sai can. Masana sun rubuta sunansa a littattafansu tun 1933, sannan aka manta da shi shekaru sittin, har zuwa 1994 lokacin da masanin kifi Gerald Allen ya je ya gan shi a muhallinsa. Hotunansa na fita, masu ajiye kifin ado a tankunan ruwan gishiri a Amurka da Turai da Japan suka ce sai shi.

Kafin a fahimci abin da ya biyo baya, sai an san wahalar kiwon kifin teku. Yawancin kifayen da ke zaune cikin murjani suna watsa ƙwai dubbai ne cikin ruwa su yi gaba. Abin da ke ƙyanƙyashewa ba ya ma kama da kifi, ɗan tsiri ne da ido ke gani da ƙyar, bakinsa ƙanƙane ƙwarai, igiyar ruwa tana yawo da shi makonni kafin ya sauka ya zama kifi. Matsalar mai kiwo ita ce abincin kwanakin farko: me za ka sa a bakin da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba? Shi ya sa kifin da aka fara cin nasarar kiwonsa don kasuwa shi ne ɗan jan nan mai farin ratsi da yara suka sani da Nemo, saboda ƙwansa manya ne kuma iyayen suna gadinsu a jikin dutse. Wani mai kiwo, Martin Moe, ya fara wannan a Florida tun farkon shekarun 1970. Amma kifin ruwan ɗorawar nan na Hawai, wanda ake kira yellow tang, sai a 2015 aka samu 'ya'yansa suka rayu a cibiyar Oceanic Institute, bayan fiye da shekara goma ana fama, kuma sirrin ya fito ne daga noman wasu ƙananan ƙwarin ruwa da za su shiga bakinsa.

Kifin Banggai bai san wannan wahalar ba. Mace tana zuba ƙwai 'yan gomomi, manya-manya, namiji ya kwashe su a bakinsa. Duk wanda ya taɓa kiwon karfasa ya san irin wannan dabara, sai dai a karfasa uwa ce ke ɗaukar nauyin, a nan kuwa uba ne. Yana riƙe da su wajen wata guda ba ya cin komai, har su ƙyanƙyashe su ɗan yi ƙwari a cikin bakin. Ranar da ya tofar da su, cikakkun kifaye ne ƙanana, suna iya cin abincin da kowane mai kiwo ke iya haɗawa a kwalba. A teku sukan ruga su ɓuya tsakanin dogayen ƙayoyin bushiyar teku. A tanki kuwa, mutane da yawa sun wayi gari sun tarar da 'ya'ya a ɗakin zamansu ba tare da sun yi wani shiri ba.

A tunanin kowa, kifin da ke haihuwa a falo ba zai shiga haɗari ba. Abin bai zo haka ba. A farkon shekarun 2000 ana kwasar dubban ɗaruruwa daga tsibiran kowace shekara, da yawa kuma suna mutuwa a hanya kafin su kai Bali ko Jakarta, balle Los Angeles. Halittar da ta sa kiwonsa ya yi sauƙi ita ce ta sa kamunsa ya yi muni: ba ya haihuwa da yawa, 'ya'yansa ba sa tafiya da igiyar ruwa zuwa wani wuri, kuma yana tsayawa cak cikin garke a ruwa marar zurfi, ɗan ƙaramin taru ya isa. Idan aka share wata gaɓa, babu inda wasu za su taso su cike gurbin. A 2007 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar ɓacewa.

Lissafin kuɗi ne ya kayar da masu kiwo. Masuncin Banggai 'yan sulalla ake ba shi kan kowane kifi, ba ya biyan lantarki, ba ya sayen gishiri ko abinci. Mai kiwo a Florida kuwa sai ya ware tanki ga kowane miji da mata, ya ciyar da 'ya'yan watanni, ya kuma samu 'yan gomomi kawai a kowace haihuwa. A kanti kifayen biyu kamarsu ɗaya, mai saye kuma farashi yake fara dubawa. Ni a ganina nan ne masu sha'awar wannan harka suka yaudari kansu shekaru da dama. Suna murna duk lokacin da aka sanar da cewa an yi nasarar kiwon wani sabon nau'i, kamar an gama magana, alhali iya kiwo dabam, samun mai saye dabam. Kuma ba na ganin laifin masuncin, mutum ne mai iyali da aka kawo wa kasuwa har bakin kwalekwalensa.

Doka ma ta yi ta jan ƙafa. A taron 2007 na CITES, wato yarjejeniyar kula da cinikin halittun da ke cikin haɗari, a birnin Hague, Amurka ta nemi a sa ido kan cinikin kifin tsakanin ƙasashe, Indunusiya ta ƙi, aka janye buƙatar. Tarayyar Turai ta sake kawo ta a taron Johannesburg na 2016, nan ma aka janye. A shekarar ce dai Amurka ta sa shi cikin nau'o'in da dokarta ke ɗauka suna cikin barazana, sai kuma Indunusiya ta kafa dokar hana kamu a wasu watanni a 2018. Abin da ya fi rage nauyi a kan tsibiran ya zo ne daga wata kusurwa: gonakin kifi a Tailan, inda rana da ruwan teku da ƙwadago suke da araha, suka fara fitar da shi da yawa a farashin da zai iya gogayya da na kamu. A Hawai ma, kifin ruwan ɗorawar da aka kiwata bai samu kasuwa sosai ba sai da kotu ta dakatar da kamun kifin ado a 2021, farashi ya yi tsalle.

Yau akwai kifin Banggai da yawa a mashigin Lembeh da ke arewacin Sulawesi, inda ba asalinsa ba ne, daga waɗanda suka kuɓuce wa dillalai ko aka zubar a kan hanyar fatauci. A gidansa na asali kuwa wata matsalar ta taso wadda tanki ba ya magance ta: mutanen tsibiran suna ɗibar bushiyar teku don ci, su ne kuma mafakar 'ya'yan kifin a ranar da uba ya sake su.