Annabi Daniyel ma ya yi zaman ɗalibta a baƙon gari

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu da muka baro garuruwa irin Arikya muka shigo Lafia, Keffi, Jos ko Zariya neman ilimi: jarrabawa ta ƙarato, kuma kowa ya san hirar da ake yi a hostal a irin wannan lokaci. Wane ya samo amsa tun kafin a shiga aji, wance ta haɗa kuɗin sayen maki, kowa na cewa ai haka ake yi. Ni dai a ganina babu wanda labarinsa ya dace da mu yanzu kamar Annabi Daniyel. 'Yan uwa Musulmi, kada ku wuce, Ibn Kasir ma ya kawo labarin Daniyal a tarihinsa.

Wajen shekara 605 kafin haihuwar Almasihu, sarki Nebukadnezzar ya kwashi samari daga Urushalima zuwa Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau. Aka zaɓi masu kaifin kai, aka sa su karatun shekara 3 na harshe da littattafan Kaldiyawa. Ga abinci daga teburin sarki, ga aikin fada yana jiransu. Daniyel da abokansa uku, Hananiya da Mishayel da Azariya, suna cikinsu.

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi, Daniyel bai guje wa karatun ba. Ya koyi yaren mutanen da suka ci ƙasarsa da yaƙi, aka sauya masa suna zuwa Belteshazzar, bai tayar da rigima ba. A wuri ɗaya ya tsaya: ba zai ƙazantar da kansa da abinci da ruwan inabin sarki ba. Kuma tun da wuri ya ƙudura haka a ransa. Wanda ya bari sai an miƙo masa takardar satar amsa a ƙarƙashin benci sannan ya fara shawara da zuciyarsa, ya makara. Tun farkon zango ake yanke wannan hukunci.

Na biyu, dubi yadda ya bi da shugabanni. Jami'in da ke kula da su ya ji tsoro, domin in suka rame kansa ne zai tafi. Daniyel bai zage shi ba, bai yi masa wa'azi ba. Cikin ladabi ya roƙi a gwada su kwana 10 da kayan lambu da ruwa. Wasunmu, a FCS ko a MSS, mun ɗauka tsoron Allah shi ne ɗaga murya da raina lakcara. Ana iya cewa a'a a kuma gaishe da mutum da safe.

Na uku, ya iya aikinsa. Da aka gama karatu sarki da kansa ya yi musu tambayoyi, ya same su sun ninka masanan ƙasar sau 10. Bayan shekaru, zamanin sarki Dariyus, mahassada suka bincike aikinsa kaf ba su sami ha'inci ko sakaci ba, sai suka koma kan addu'arsa, suka sa aka hana roƙon kowa in ban da sarki har kwana 30. Shi kuwa ya ci gaba da durƙusawa sau 3 a rana kamar yadda ya saba. Ka ji fa, kamar yadda ya saba. Mu kuwa sai daren jarrabawa ake cika ɗakin sujada da masallaci, littafi yana can ƙura ta rufe shi. Addu'a ba ta karanta maka abin da ka ƙi buɗewa wata uku.

Na san abin da wani zai ce: shi Daniyel an rufe masa bakin zakoki, ni kuwa in na ƙi biya zan maimaita kwas, ga yajin aikin ASUU na 2022 ya riga ya cinye mana wata 8, ga baba ya sayar da doya da riɗi kafin ya haɗa kuɗin makaranta. Wannan magana tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Amma a sura ta 3, abokan nan uku sun shaida wa sarki cewa ko Allah bai cece su daga tanderun wuta ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Ba ciniki suka shiga da Allah ba. Daniyel kansa yana Babila har zamanin sarki Sairus, sama da shekara 60 ke nan a ƙasar bauta. Biyayya tana da tsada, kuma wani lokaci kai za ka biya.

Sai dai ɗaya hanyar ma ba kyauta ba ce. Dokar satar jarrabawa ta 1999 ta tanadi ɗauri, kora daga makaranta kuma ta fi maimaita kwas ciwo. Ko ba a kama ka ba, ma'aikacin jinyar da ya sayi maki wata rana shi zai yi wa mahaifiyar wani allura a asibitin ƙauye, malamin da ya saci amsa shi zai koyar da ƙannenmu. Gida abin yake komawa.

Shawarata: ka nemi abokai uku masu irin ra'ayinka, kamar yadda Daniyel ya samu, ku riƙa karatu tare, ku riƙe juna. 'Yar uwa, in wani ya nemi abin da bai dace ba don maki, kada ki yi shiru ke kaɗai. Ki adana shaida, ki kai ƙara tare da wanda kika yarda da shi.

Allah ya ba mu sa'a ta halal, ya mayar da mu gida da takardar da ba za mu ji kunyar a gwada mu a kanta ba.