Babur ɗin da ya shekara 3 a zaure: a tada shi ko a saida?

Shekaranjiya a shirinmu na dare wani bawan Allah ya kira daga wajajen Tasawa. Ya ce yayansa ya tafi ci-rani Libiya ya bar Boxer jingine a zaure, yau shekara 3 ba wanda ya taɓa shi, yanzu kuma ya yi waya ya ce ya bar masa. Kabu-kabu yake son shiga. Wai ya saida ma ƴan gwangwan ya cika ya sayi sabo mai demarer, ko ya tada wannan? Lokaci ya ƙure mana, shi ya sa muka kawo maganar nan.

Mu dai ra'ayinmu a tada shi. Amma don Allah kada a yi abin da muka saba, a zuba esansi lita guda a hau buga kik har gumi ya karyo. Esansin da ya kwana cikin tanki ya riga ya lalace, ya zama danƙo ya toshe ƙananan ramukan karbirato, tankin kuma wataƙila ya yi tsatsa. A zubar da shi, a wanke duka biyun. A kwance buji, a ɗiga baƙin mai kaɗan ta ramin, a bar shi ya kwana, sannan a taka kik a hankali a ji ko piston na motsi. In yana motsi, alhamdu lillahi, sauran mai sauƙi ne: bidanji, sabon buji, a shafa ma sarƙa mai, a duba wayoyi, don ɓeraye ba su san babur na mutum ba ne.

Inda muke jin tsoro shi ne taya. Za ka gan ta da zanenta kamar sabuwa, alhali robar ta bushe ta tsattsage. A gefenta akwai lamba huɗu: 2319 na nufin sati na 23 na shekarar 2019. Ka ɗauko mace da goyo a kan irin wannan taya? Haba! A canza.

To sai maganar sabo. Kamfani ɗaya, suna ɗaya, kuɗi daban. Boxer BM 100 na kamfanin Bajaj na Indiya akwai mai kik kaɗai, akwai mai demarer. Wasu baburan kuma ka zaɓi janti mai wayoyi ko na alminiyom, birkin tambur ko na diski. Mun ga samari na cin bashin adashi don su hau mai tsadar, kawai don a gani a fada.

Ba mu ce kayan banza ba ne. Diski ya fi kama birki, wannan gaskiya ce, a cikin cunkoson Yamai yana iya ceton rai. Demarer kuma rahama ce ga dattijo mai ciwon gwiwa. Amma ku tambayi makanike wane ne ya fi saurin tashi bayan dogon kwana. Batir in ya daɗe a ajiye mutuwa yake, demarer ya zama ado. Man birkin diski yana shan raɓa, birkin ya maƙale. Jantin alminiyom in ya faɗa rami a hanyar ƙauye yana iya tsagewa, sai sabo; mai wayoyi kuwa ko a kasuwar Mayahi za a samu mai miƙe maka shi.

Saboda haka ɗan'uwa na Tasawa, in naka mai kik ne, ka godewa yayanka. Ka kai shi makanike ya yi maka lissafi kafin ka saurari ƴan gwangwan, su nauyin ƙarfe suke saye. Kuma ka nemo kartigiriz tun yanzu, ka sabunta asiransi, ka sayi kaske, kada ranar farko ta ƙare maka a hannun ƴan sanda.

Makanikai da ƴan kabu-kabu, in mun yi kuskure ku gyara mana a ƙasa, za mu karanta a shiri mai zuwa in sha Allah.