Tseren motoci a titunan birni: Riba ko ɗawainiya?

Shekaru fiye da talatin ke nan rabon da a gudanar da gasar tseren motoci ta Formula One a nahiyar Afirka, tun wadda aka yi a filin Kyalami na Afirka ta Kudu a shekarar 1993.

A watan Disambar 2024, shugaba Paul Kagame ya bayyana cewa Ruwanda na neman karɓar baƙuncin gasar. A shekarar 2025 kuma Najeriya ta bi sahu, inda hukumar wasanni ta ƙasa a ƙarƙashin Shehu Dikko ta nuna sha'awar kawo gasar Abuja.

To sai dai a 'yan shekarun nan masu shirya gasar sun fi karkata ga tseren da ake yi a kan titunan birni, maimakon filayen da aka gina musamman, abin da ya sa ake tambayar ko wannan ce hanya mafi sauƙi ga ƙasashen Afirka.

Yadda ake mayar da titi fagen tsere

Motocin da ake magana a kansu masu kujera ɗaya ne, tayoyinsu a waje, cikinsu kamar zai taɓa ƙasa, kuma gudunsu kan haura kilomita 300 a sa'a guda.

Kafin irin wannan mota ta taka titi, sai an sake shimfiɗa kwalta, an jera shingayen kankare da ragar ƙarfe a gefe da gefe, an kafa rumfunan 'yan kallo da wurin kula da waɗanda suka ji rauni, sannan a kwashe komai bayan an tashi.

A Monako, inda aka fara irin wannan tsere a shekarar 1929, tsawon hanyar bai kai kilomita uku da rabi ba, amma aikin haɗa ta kan ci kimanin makonni shida, kwance ta kuma makonni uku.

Ɗan ƙaramin sakaci kan jawo babbar asara. A shekarar 2023 a Las Vegas, wani murfin ƙarfe da ke tsakiyar titi ya ɓalle ya farfasa cikin motar Ferrari ta Carlos Sainz, aka dakatar da atisaye mintuna takwas kacal da farawa. Makamancin hakan ya faru da George Russell a Baku a shekarar 2019.

Daga Baku zuwa Ƙofar Mazugal

Birnin Baku na ƙasar Azarbaijan, wanda ya fara karɓar gasar a shekarar 2016, misali ne da Bakano zai saurin ganewa, domin motocin na bi ne ta gindin ganuwar tsohon birni, a wani matsatsi da faɗinsa bai kai mita takwas ba.

Babu sunan Kano a maganar da ake yi yanzu. Amma duk mai son ya auna abin da wannan tsere ke nufi ga talaka, to ya tsaya a Ƙofar Mazugal da hantsi, ya ga mahauta masu zuwa abbatuwa, da 'yan Adaidaita Sahu, da 'yan makaranta, da masu shiga unguwannin Dala, sannan ya ƙiyasta an gindaya kankare a wannan hanya har tsawon makonni.

Kanawa sun saba da rufe titi a lokacin hawan Sallah, al'adar da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin abubuwan gadon duniya a watan Disambar 2024. Bambancin shi ne, hawa na 'yan kwanaki ne kawai, kallonsa a bakin titi kyauta ne, kuma kuɗin da ake kashewa na komawa ne aljihun baduku da maɗinka da masu abinci na gari.

Shi kuwa tseren motoci, tikitinsa ya fi ƙarfin mafi yawan mazauna unguwannin da ake rufewa, sannan kuɗin karɓar baƙunci, miliyoyin daloli a kowace shekara, waje suke fita.

Kano ba baƙuwar motocin tsere ba ce. A shekarar 1974, gasar da ta tashi daga Landan zuwa Munik ta ratsa Sahara har ta iso birnin, kuma daga cikin motoci 70 da suka fara, 19 ne kawai suka kammala. Sai dai waɗancan 'yan wucewa ne, ba su buƙaci a rufe gari ba.

Abin da ya faru a wasu biranen

Tarihin irin wannan tsere a Afirka bai cika daɗewa ba. Birnin Durban ya shirya gasar A1GP a kan titunansa daga 2006 zuwa 2008, daga nan aka mayar da ita Kyalami.

Birnin Cape Town ya karɓi gasar Formula E ta motoci masu aiki da lantarki a watan Fabrairun 2023, sau ɗaya tak. Marakesh ta ƙasar Maroko ce ta fi jurewa, inda ta karɓi gasar sau biyar tsakanin 2016 da 2022.

A wajen Afirka ma haka abin yake. Valencia ta ƙasar Sifaniya ta yi gasar Formula One daga 2008 zuwa 2012, aka bar ta da bashi da kufai. A Montreal ta Kanada, sabuwar magajiyar gari Valérie Plante ta soke gasar Formula E a ƙarshen 2017 saboda tsadarta. Hanoi ta Biyetnam kuwa ta kammala hanyarta domin gasar 2020, annobar korona ta hana, kuma ba a taɓa yin tseren ba.

Akwai inda aka ci nasara. Singafo ta fara tseren dare a 2008, kuma ya zama abin jan hankalin 'yan yawon buɗe ido. Amma gwamnati ce ke ɗaukar kashi 60 cikin ɗari na kuɗin shirya shi, a birnin da ke da wutar lantarki da jiragen ƙasa da otal-otal tun kafin zuwan gasar.

Darasi ga Najeriya

Masu goyon bayan yunƙurin na nuni da tseren kwale-kwale masu lantarki na E1 da Legas ta karɓa a watan Oktobar 2025, karo na farko a Afirka, a matsayin shaidar cewa Najeriya za ta iya.

Kodayake hakan gaskiya ne, tseren da aka yi a kan ruwa bai raba kowa da ƙofar shagonsa ba.

Abin da misalan nan ke nunawa shi ne, tseren titi ya fi filin dindindin araha a shekarar farko, amma ɗawainiyarsa sabuwa ce a kowace shekara, kuma idan aka kwashe shingayen babu filin da ya rage wa matasa masu sha'awar koyon tsere, waɗanda wasunsu kan yi wasa da mota a titunan gari suna jefa rayuka cikin haɗari.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a sa hannu a kan kowace yarjejeniya, jama'a na da haƙƙin sanin nawa za a kashe, daga wane asusu, shekaru nawa, kuma wa zai biya diyyar ɗan kasuwar da aka rufe wa hanya.