Tambayar da 'yata ta yi mini

Malam Edita,

A watan jiya maƙwabciyarmu Kirista ta rasu, dattijuwar da ta goya 'ya'yana, wadda suke kira Mama, kuma takan kawo mana ƙanƙara dab da shan ruwa duk azumi. Muna dawowa daga gaisuwa sai 'yata mai shekara 9 ta riƙo gefen rigata: "Baba, wai Mama tana wuta? Haka aka faɗa mana a Islamiyya." Bakina ya mutu.

Na yi imani Musulunci shi ne gaskiya. Amma malamanmu sun rarrabe tsakanin hukuncin kafirci a dunƙule da yanke wa wani mutum takamaimai makomarsa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa waɗanda saƙon Annabi (SAW) bai isa gare su ba uzuri, har da waɗanda ya isa gare su a gurɓace, yana fata rahamar Allah ta lulluɓe su. Wa ya san me ya isa kunnen wannan baiwar Allah, kuma ta bakin wa?

Ina roƙon malaman Islamiyya su koya wa yaranmu wannan bambanci tun suna ƙanana. Har yau yarinyar takan tsaya ƙofar gidan marigayiyar ta yi shiru.

Naku,
Mai karatu daga Kaduna