Kunne Ne Ke Kiɗa, Ba Filatin Ba

Wani yaro ɗan unguwarmu a nan Agoè-Zongo, wanda ba zan kama sunansa ba, ya same ni a gidan rediyo ranar wata Litinin idonsa jawur. Daren Asabar ya kwana yana kiɗa a wani gidan rawa a cikin gari, tun ƙarfe sha ɗaya har huɗu na asuba, fili bai taɓa yin sanyi ba. Da aka zo sallama, mai gidan ya miƙo masa rabin kuɗin da suka yi jinga. Dalilinsa? Wai kwamfuta kawai ya zo da ita, danna-danna ya yi, ba DJ ba ne. DJ na gaskiya, in ji shi, shi ne mai filatin, wato manyan na'urorin nan masu faifai da fitilu da ake jerawa a kan teburi.

Ban zo yanke wa gidan rawa hukunci ba, wannan aikin malamai ne. Maganar haƙƙin gumi nake yi. Kuma ina faɗa da babbar murya: wannan ra'ayi da ya cika Lome, cewa darajar makaɗi tana cikin tsadar kayansa, ƙarya ce da masu hannu da shuni suka kitsa don su tare wa 'ya'yan talakawa ƙofa.

Mu fara da lissafi. Lokacin da Pioneer ya fito da CDJ-3000 a 2020, guda ɗaya ta haura dala 2,000. Ana buƙatar biyu, a ƙara da miksa mai kusan wannan farashi. Kafin kuɗin jirgi da na kwastan, an wuce miliyan 4 na sefa. Mafi ƙarancin albashi a Togo tun Janairun 2023 shi ne sefa 52,500 a wata. Ke nan sai yaro ya yi sama da shekara shida yana aiki, bai ci ba, bai sha ba, bai hau zemijan ba, sannan ya cancanci a kira shi DJ. Wa ya kafa wannan doka? Wanda ya riga ya mallaki kayan, yana ba da su haya.

Sannan me ke cikin filatin ɗin da ake yi wa wannan kirari? Kwamfuta ce aka sa wa sulke. Mai CDJ a gida yake zama, ya buɗe manhajar rekordbox a kan kwamfutarsa, ta auna masa saurin kowace waƙa, ya zuba a filas, ya tafi ya soka. Maɓallin nan da ake goranta wa masu kwamfuta, wanda ke daidaita bugun waƙa biyu da kansa, tun 2012 aka sa shi a jikin CDJ-2000NXS. To ina bambancin? Ɗaya ya ɓoye kwamfutarsa a cikin baƙin akwati mai tsada, ɗaya kuma ya ɗora tasa a fili kowa na gani. Sai aka ce na biyun ne mai ha'inci.

Gorin ma ba sabo ba ne. Masu faifan garmaho, waɗanda suka tashi da Technics SL-1200 da aka fara ƙerawa a 1972, haka suka raina CDJ-1000 da ta fito a 2001, suka ce wasan yara ne. Yau jikokin waccan na'ura da aka raina su ne ake rantsuwa da su. Duk wanda ya samu shiga sai ya juyo ya tura ƙyaure.

Mu duba inda sabon kiɗa ke fitowa a nahiyarmu. Gqom na birnin Durban, a ɗakunan samari aka haife shi, a kan tsofaffin kwamfutoci da manhajar FL Studio. Singeli na unguwannin talakawan Dar es Salaam, mai gudu kamar ana korar sa, da kwamfuta da VirtualDJ ya tashi, ga shi yau ana gayyatar masu shi bukukuwan Turai. Da an ce musu su jira sai sun sayi filatin, da har yanzu suna jira.

Mu Hausawa ma bai kamata a yi mana wannan wayo ba. Da me Dan Maraya Jos ya zagaya duniya? Da kuntigi, tsirkiya ɗaya a kan gwangwani da 'yar fata. Barmani Choge ƙwarya ta kifa ta tayar da gidajen biki. Ba wanda ya taɓa rage musu kuɗi don kayan kiɗansu ba su da tsada. Abin da aka saya a wurinsu shi ne hannu da kunne da sanin mutane.

Sanin mutanen nan kuwa shi ne dukan aikin, musamman a Zango. Tun da aka rushe tsohon Zangon Lome a 1977 aka kwaso iyayenmu zuwa nan arewacin gari, unguwar tamu tukunya ce mai haɗa kowa: Bahaushe, Bazabarme, Kotokoli, Bafillace, Bayarabe, ga maƙwabta masu Ewe da Mina. DJ ɗinmu sai ya san lokacin da zai saki Toofan, da lokacin da zai juya zuwa DJ Arafat, da lokacin da Ado Gwanja ko Hamisu Breaker zai tayar da matan da suka zauna tun ɗazu. A ba shi tsohon kiɗan kalangu da aka buga da hannu, wanda saurinsa ke hawa yana sauka, a ga yadda manhaja ke ruɗewa wajen auna shi, a kwamfuta ne ko a filatin. A nan ba maɓallin da zai ceci kowa. Kunne ne kawai.

Kada 'yan kwamfuta su ɗauka na zo shafa musu mai a baki. Ƙannena, wani zagin ku kuka jawo. Wanda ya kwaso waƙoƙi daga YouTube da WhatsApp, sautinsu a matse, ya zuba su cikin manyan lasifika, dole kunnen mutane ya yi zafi. Wanda ya jona siririyar waya daga ramin abin sauraro kai tsaye zuwa amfilifaya, ba shi da hanyar jin waƙa ta gaba a ɓoye kafin ya sake ta, caca yake yi da daren mutane. Wanda ya sa manhajar sata mai cike da ƙwayoyin cuta a kan kwamfutar da ƙurar hunturu da danshin teku suka toshe wa fanka, ranar da ta daskare masa a tsakiyar rawa kada ya zargi maƙiya. A nan masu filatin suna da gaskiya: kayansu aiki ɗaya aka ƙera su su yi, ba sa tsayawa don wani saƙo ya shigo, kuma yatsa ya fi jin maɓalli na gaske fiye da linzamin kwamfuta.

Amma maganin wannan ba miliyan 4 ba ne. Ƙaramar na'urar sarrafawa irin DDJ-FLX4, mai kimanin dala 300, tana ba ka faifai biyu a ƙarƙashin yatsu da hanyar saurare a ɓoye. Ka kai kwamfutar Dekon a share mata ƙura, ka nemi waƙoƙi masu tsabtar sauti, ka ajiye waya a jone ko da ta-kwana. Kuma kada a manta, idan aka ɗauke wuta filatin mutuwa take yi nan take, sai an sake tayar da ita bayan janareto ya kama, alhali kwamfuta tana nan a kan batirinta, waƙar tana inda aka bar ta.

Ga masu gidajen rawa da masu ɗaukar DJ a biki, ga ma'auni mai sauƙi. Ku juya wa teburin baya, ku kalli fili. Idan mutane suna rawa, sauti bai fashe ba, waƙa ta shige cikin waƙa ba a ji tuntuɓe ba, to an yi muku aiki, ku biya cikakke. Idan kuma fitilu kuke so ku ɗauki hoto, ku sayi naku ku jera, ku daina cire kuɗinsu daga aljihun yaron da ya kwana a tsaye.

Yaron nan har yau bai karɓi cikon kuɗinsa ba. Asabar mai zuwa wani gidan ya kira shi, kuma da kwamfutar nan tasa zai je.